Takardar da na ɓoye a ƙasan akwati

Ina da shekara 26 aka kira mu asibiti da tsakar dare. Matar yayana ta zubar da jini wajen haihuwa, ana neman leda biyu. Mu uku muka miƙa hannu. Aka ɗibi na mutum biyu, ni kuwa ma'aikacin ɗakin gwaji ya ja ni gefe, ya rage murya ya ce, "Malam, naka ba zai yiwu ba. Akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jininka. Ka daure ka ga likita." Ya miƙo mini wata 'yar takarda. Na ninke ta huɗu na cusa a aljihu, na koma wajen 'yan'uwa na ce wai jinina ne bai isa ba.

Shekara huɗu takardar nan ta yi a ƙasan akwatina. Ƙannena, wannan shekaru huɗun nake so mu yi magana a kai.

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne ƙarfin jiki. Ina buga ƙwallo, ina tashi da malmala uku ta tuwo, ko ciwon kai ba na yi. Sai na ce na'urarsu ce ta yi kuskure. Ashe hanta ba ta da ƙorafi. Ƙwayar kan zauna cikinta shekara 20 ko 30 tana yi mata tabo a hankali, har ta taurare, wani lokacin ta zama kansa, wato ciwon daji. Ranar da ido ya koma ruwan ɗorawa, ciki ya ɗauki ruwa, ƙafa ta kumbura, sau da yawa aski ya riga ya zo gaban goshi. A nan ne dangi ke cewa an sa masa hannu, a bar asibiti a shiga neman makarin sammu.

Sai kunya. Na ɗauka cutar masu bin mata ce kawai, ina tunanin da wane ido zan kalli Baba. Gaskiya ne tana yaɗuwa ta saduwa, amma likitan da na gani daga baya ya ce yawancin masu ɗauke da ita a ƙasashenmu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same ta. Jaririn da ya ɗauka daga uwa wajen haihuwa, kusan tara cikin goma da ita suke rayuwa, alhali babba in ya kamu yawanci jikinsa kan kore ta. Da aka gwada gidanmu, Innarmu na da ita, ƙanwata ma haka. Tsohuwar da ba ta san komai ba sai ɗakinta da carbinta. Ga kuma askar wanzami guda da ke zagaya kawuna, ga ƙaho, ga cire beli, ga mai yankan farce da ke bin rumfunan kasuwa da almakashi ɗaya tun safe. Ƙwayar tana iya yin kwana bakwai da ranta a busasshen jinin da ido ba ya ma gani. Amma ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya, ko musafaha, ko tari. Gwaggona ta ware mini kofi da cokali har wata uku, Allah Ya ba ta ladan niyya, wahalar banza ta sha.

A shekara ta uku na yi zazzaɓi, idona ya ɗan sauya. Abokai suka ce shawara ce. Maimakon in tuna da takardar, sai na nufi tasha wajen mai lasifikar nan da jarka ɗaya tasa ke maganin basir da sanyi da shawara da ciwon hanta cikin mako guda. Safe da yamma nake kurɓa, ɗacinsa ma shi ke ƙara mini imani. Ba raina maganin gargajiya nake yi ba, da shi aka raine mu. Sai dai duk abin da ka haɗiye hanta ce ke tace shi, ni kuma tawa mai rauni ce, na dinga ɗora mata kayan da mai sayarwar ma bai san awonsu ba.

Mafi muni cikin abin da na yi, na yi aure ban faɗa ba. Wata bakwai da tarewa amaryata na neman wajen ajiye atamfofinta ta ci karo da takardar. Ta kai wa wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya ta karanta mata. Da na dawo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Da ka gaya mini, ai allura uku ce kawai za a yi mini." Allah Ya rufa asiri, gwajinta ya fito ba ta kamu ba. Aka yi mata ta farko a ranar, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Da na ji Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, har da ciwon hanta a ciki, na ce irina aka yi wa ita.

Rigakafin nan tun farkon shekarun 1980 yake a duniya, Najeriya kuma ta sa shi cikin alluran yara a 2004. Wanda aka haifa kafin nan, da wuya a ce an yi masa. Wanda aka haifa bayan nan ma, sai in an kai shi. Ku tambayi iyayenku mata katin rigakafinku. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ƙwayar. Sahun sallah mai mutum 25, a ƙiyasi akwai biyu ke nan, kuma yawancinsu ba su sani ba. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, kafin ka gama duba saƙonnin wayarka ya fito.

Masu shirin zama iyaye, ku riƙe wannan: allurar jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake son ta. Mu kuwa mun saba sai an yi suna, wasu sai an yi arba'in. Ɗana na fari a gida aka haife shi da asuba, kafin azahar na sa an naɗe shi mun tafi asibiti, surukata na ta mita wai za a fitar da ɗanyen goyo iska ta buge shi.

Ni yanzu ƙwaya ɗaya nake sha kullum, tenofovir. Ba ta kashe cutar gaba ɗaya, danne ta take yi, kuma ba kowane mai ɗauke da ita ake ɗora wa ba, likita ke duba jini ya yanke. Duk wata shida ina zuwa gwaji da hoton ciki. Na daina cin gyaɗar da ta yi fumfuna, domin gubar da ke cikinta in ta haɗu da ƙwayar cutar nan tana ƙara haɗarin kansar hanta. Likitan ya ce akwai tabon da ba zai goge ba, da na zo da wuri da ƙila bai kai haka ba.

Na sayi injin aski nawa, a jaka nake zuwa da shi shago. Mai askin ya daɗe yana yi mini tsiya, wai Alhaji mai kayan kansa. Shekaranjiya da na je, ya jira shagon ya watse, sannan ya tambaye ni a ina ake yin gwajin.