Kwana Tara a Ƙasar Abzin

Kawuna ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana aikin haƙar ma'adinin yuraniyom a Arlit, amma ban taɓa taka garin ba sai a hunturun da ya biyo bayan rufe babban ramin Akokan. Inna ce ta matsa mini. Ta ce tun da ɗan'uwanta ya ajiye aiki ya ƙi dawowa gida, a waya kuwa kullum "lafiya lau" yake cewa, ita kuma ba ta yarda da lafiyar da ido bai gani ba. Ta ƙulle mini kilishi da yajin daddawa ta ce in kai masa, in kuma dube shi da kyau.

Mun bar Damagaram bayan sallar asuba. Har Tanut ƙasar da na sani ce, gonakin geron Damargu an girbe su, rumbuna cike a bakin ƙauyuka. Daga nan gona ta soma ja da baya. Kafin mu kai Adarbisanat ba a ganin komai sai ƙaya da aduwa jefi-jefi, da garken raƙuma a kan rijiya. Can gaba muka gangara gaɓar dutsen Tigidit, wadda ta miƙe kamar ganuwa kudu da Agadas. A wannan yanki ne masana suka tono ƙasusuwan dinaso, manya-manyan dabbobin da suka shuɗe tun miliyoyin shekaru, a wuraren da a da koguna ne da fadamu. Ban san cewa waɗannan tsofaffin koguna za su sake faɗo mini a hirar Kawu ba.

Mu mutanen kudu mukan ce "arewa" kawai, kamar wuri guda ne. Jihar Agadas murabba'in kilomita 667,799 ce, ta fi rabin Nijar, ta kuma fi ƙasar Faransa girma. A tsakiyarta akwai tsaunukan Abzin, inda ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi ta tudu a ƙasar nan. Gabas da tsaunukan rairayin Tenere ne har Kawar, yamma kuma shimfiɗaɗɗen fili ne na yumɓu da tsakuwa. Kowane ɓangare da abin da Allah ya binne masa.

Hasumiyar masallacin Agadas ce ta fara yi mana maraba, mita 27 ta jar ƙasa da itatuwa a soke a jikinta, tun 1515 take nan, aka sake gina ta a 1844. Ban ji baƙunta ba ko kaɗan, don Hausa ake yi a kasuwa da tasha da cikin gidaje. Dama tarihin Gobirawa ya nuna a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu.

Washegari na shiga kasuwar dabbobi, na tarar da wani tsoho zaune a gaban kantun gishirin Bilma, an jera su kamar turame a kife, kowanne da ragowar tabarmar kabar da aka naɗe shi da ita. Na gaishe shi, ya ɗan sassauta amawalinsa ya ce, "Zauna, ɗana, sayen gishiri ba a tsaye ake yinsa ba." Ya ɗebo ɓeza fari tas a tafin hannu ya ce in ɗanɗana, wannan na miya ne, kantu kuwa na dabbobi. Ya ce tun yana yaro yake bin ayari, ana fita da kaka da gero da ciyawar raƙuma a ɗaure, a ratsa Tenere fiye da kilomita 500, ba inda za a huta sai Fashi, a dawo da gishiri da dabino, sannan a gangara Damargu har Kano. Yanzu motoci sun karɓe yawancin aikin, amma ayari bai mutu ba. Taku kaɗan daga rumfarsa akwai shaguna cike da na'urorin neman zinariya da jarkoki da janareto, samari na ta ciniki. Tsohon bai ko dubi wajen ba.

Daga Agadas zuwa Arlit kilomita 240 ne ko kusa da haka, amma kusan yini muka kwashe. Na samu wuri a motar wani Ba'abzine, ɗan aminin Kawu, mai kai kayan masarufi. Wannan ita ce hanyar da ake kira hanyar yuraniyom, wadda aka shimfiɗa daga Tawa a ƙarshen shekarun 1970 don fitar da ma'adinin. A lokacin da na bi ta, kwaltar ta farfashe har direbobi sun gwammace su sauka su bi ta gefe cikin ƙura. Abin ya tsaya mini a rai. Hanyar da ta ɗauki arzikin ƙasa shekara arba'in bai kamata mai ciki ko maras lafiya ya sha wannan wuya a kanta ba.

Direban ya nuna mini kwanar Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR yake haƙar kwal a Anu-Araren yana ƙona shi a tashar lantarki tun farkon shekarun 1980. Wutar da ke tafiyar da ma'adinan Arlit daga nan take, ita ce kuma ke haska Agadas. Ya yi nuni da baƙaƙen duwatsun da ke damanmu ya ce a cikinsu akwai Elmeki, inda ake wanke kuza tun zamanin Turawa. Daga baya na fahimci cewa duwatsun kuzar Abzin da na Jos dangin juna ne, jeri guda ne da ya bi ta Damagaram da Muniyo, sai dai na Abzin sun fi tsufa nesa ba kusa ba.

Da rana ta take ya karkata da mu 'yan kilomitoci zuwa Dabus. A kan wani faffaɗan dutse aka sassaƙa raƙuman dawa biyu, babbar ta haura mita 5, an fitar da kowane zane na fatarta ɗaya bayan ɗaya. Na hau na tsaya daga gefe ina kallo. Wanda ya yi wannan aiki shekaru dubbai da suka wuce ya san dabbar ciki da bai, kullum yana ganinta tana kiwo a nan, inda yau ba inuwar da za ta ishi mutum biyu.

Mun shiga Arlit da magariba, tsaunukan da na hango daga nesa ashe ba na Allah ba ne, tarin ƙasar da aka tono ce. Kawu ya rungume ni a ƙofar gida ya ce, "Ɗan ƙanwata, ita ce ta turo ka leƙen asiri ko?" Ya yi furfura sosai, amma ƙafarsa da ƙarfi.

Dare uku muka yi muna hira a kan shayi. Ya ce kafin 1969 ba gari a nan, makiyaya ce kawai. An kafa SOMAIR, kamfanin haƙar yuraniyom, a 1968, ta fara fitar da ma'adini a 1971 daga buɗaɗɗen rami. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta soma aiki a 1978, ita kuma ta ƙarƙashin ƙasa, zurfin mita 250, da hanyoyi fiye da kilomita 200 a ciki. Ya zana mini a ƙasa da tsinken ashana: ga tsaunukan Abzin, ga ruwan da ya riƙa wanke su tun fil'azal yana kwaso yuraniyom, ga yashin tsofaffin koguna inda ruɓaɓɓun tsirrai suka kama shi suka riƙe. Yashin ya zama dutse, shi ake fasawa yau. Ya ce a tan guda na dutse abin da ake samu bai wuce kilo biyu zuwa biyar ba. A niƙe, a jiƙa da asid, a tace, a busar, sai ya fito gari rawaya, a zuba a durom a rufe, a wancan lokacin motoci kan kai shi tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa.

"To sauran dutsen fa, Kawu?" na tambaye shi.

Ya ce, "Gobe za ka gani."

Da safe muka je Akokan, inda ramin COMINAK yake. An rufe ramin ranar 31 ga Maris, 2021, bayan ya ba da kusan tan 75,000, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila. Layukan gidajen ma'aikata sun yi tsit. Daga nesa ya nuna mini tarin dusar ma'adinin, kimanin tan miliyan 20, wadda har yanzu take fitar da tururin da ba a gani da ido. An tsara rufe ta da yumɓu da duwatsu. Tun 2003 ƙungiyar Aghir In'man ta mutanen garin da cibiyar CRIIRAD ta Faransa suke gwaje-gwaje suna nuna damuwa a kan ruwan sha da ƙura da tarkacen ƙarfen da ke fita zuwa kasuwa. Ruwan da Arlit ke sha na ƙarƙashin ƙasa ne, wanda ya taru tun zamanin da ake ruwan sama a nan, abin da aka ɗiba ba ya dawowa da wuri.

Kawu bai zagi kowa ba. Ya yi maganar aikinsa da alfahari, yadda ake sauka da fitila a goshi, yadda kowa ke riƙe da ran ɗan'uwansa a can ƙasa, Bahaushe da Bazabarme da Ba'abzine da Babarbare. Ya tuna zamanin Seyni Kunce, lokacin da farashi ya hau aka yi ta gine-gine a Yamai, har ana kiran Arlit ƙaramar Faris, da yadda farashin ya karye a shekarun 1980. Ni dai abin da na kasa haɗiyewa shi ne, kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga tashoshin nukiliya masu aiki da yuraniyom yake, alhali a Nijar mafi yawan gidaje ba su da wuta. Bayan dawowata al'amura sun juya: gwamnati ta karɓe lasisin ma'adinin Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa a 2024, ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a 2025. Ko a hannun wa ma'adinin yake, ina ganin mutanen da suka kwana kusa da dusar nan su ya kamata a fara tunawa, da ruwansu da asibitinsu da hanyarsu.

Kafin in bar garin, ƙaramin ɗan Kawu ya kai ni Gidan Daka, bayan gari, inda ake sarrafa dutsen zinariya. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, sannan a Cibarkaten kusa da iyakar Aljeriya, arewa ta cika da baƙi. Can ba ruwa, shi ya sa ake loda dutsen a buhuna a kawo shi nan. Ƙarar injinan niƙa ba ta barin a ji magana. Na ji Hausar Maraɗi da ta Zamfara da Larabcin Cadi da Sudan a rumfa guda. Wani saurayi ɗan Tasawa, fuskarsa fari fat da ƙura, ya zuba zaiba a kwanon laka yana murzawa da hannu ba safa. Ya tace a ƙyalle, ya matse, wani ɗan dunƙule mai launin azurfa ya rage. Ya ɗora shi a wuta, hayaƙi ya tashi daidai hancinsa, sai ga zinariya ba ta kai ƙwayar dawa ba. Na ce, "Ƙanina, hayaƙin nan guba ne." Ya ce, "Na sani, Yaya. Bana geronmu bai kai wata huɗu ba." Ban sami abin ce masa ba.

A komowa direban yana da saƙo a Ingal, na roƙe shi muka zarce Tigidda-n-Tesum. Ƙauye ne na laka tsakanin tuddan tsohuwar ƙasa, gabansa ɗaruruwan ƙananan tafkuna zagayayyu, wani ja, wani rawaya, wani fari. Ana kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi, a bari ta kwanta, a kwashe ruwan a zuba a ƙananan tafkunan, rana ta yi sauran aikin. Wata mata ta durƙusa da ƙoƙo tana yayyafa ruwa a kan ɓawon da ya fara kamawa don ya nutse wani ya taso. Ruwan shansu ma daga nesa ake kawo shi.

Ba nisa daga nan Azelik take, wadda masana da dama suka ce ita ce Takadda, garin da Ibn Battuta ya sauka a 1353. Ya ba da labarin yadda ake narka tagulla a mayar da ita sanduna, masu kauri 400 a kan miskalin zinariya guda, da su ake sayayya, ana kuma kai su Gobir da Barno. A 1957 Faransawa sun zo nan neman wannan tagullar, sai suka ci karo da yuraniyom, daga nan labarin Arlit ya samo asali. An buɗe wani ma'adini a wurin tare da 'yan Sin, ya yi 'yan shekaru ya tsaya. Abin da ya rage na Takadda kufai ne da fasassun tukwane. Matan Tigidda kuwa suna nan a bakin tafkunansu, na sayi allon gishiri biyu a hannunsu.

Ranar kwana na tara na isa gida da la'asar. Inna ta karɓi gishirin ta fasa gefe ta jefa wa awaki, sannan ta zaunar da ni. Na faɗa mata Kawu yana cin abinci, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ya buɗe ɗan shago. Na kuma faɗa mata abin da ya ce da na yi masa maganar dawowa: a Arlit aka haifi 'ya'yansa duka, a nan kabarin matarsa yake, ba zai iya juya musu baya ba. Ta yi shiru tana juya carbi. Can ta ce in kira direban nan in tambaye shi ko zai ajiye mata kujerar gaba bayan Sallah.