Ranar da sojoji suka ƙi harbi a Laffrey

Yau da yamma ƙanena ya kawo littafin tarihinsa wai in taya shi bita, sai muka faɗo kan guduwar Napoleon, tsohon sarkin Faransa, daga tsibirin Elba, inda aka kai shi bayan ya rasa mulki. Wallahi wuri ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Mutumin nan ya baro tsibirin ranar 26 ga Fabrairu 1815 da mutane wajen dubu, ya sauka gaɓar Faransa ranar 1 ga Maris. Ranar 7 ga wata, a Laffrey kusa da Grenoble, sojojin Sarki Louis na 18, wanda ya hau mulkin Faransa bayansa, suka tare masa hanya, bindigogi a saite. Sai ya sa mutanensa suka sauke makamai, ya tako gaba har inda harsashi zai iya samunsa, ya buɗe rigarsa ta sama, ya ce duk mai son kashe sarkinsa, ga shi nan. Ko mutum ɗaya bai harba ba. Sai sowa ta ɓarke, suka bi bayansa. Ranar 20 ga Maris yana Faris, Louis ya riga ya tsere.

Kowa jarumtar Napoleon yake yabawa, ni kuwa hankalina na kan ƙaramin sojan da yatsansa ke kan kunamar bindiga, zuciyarsa na dukan uku-uku. Ya zaɓi mutumin da yake ƙauna, kuma ƙaunar nan ce ta kai dubban irinsa fagen yaƙin Waterloo ranar 18 ga Yuni, inda aka ci Napoleon da yaƙi, da yawa ba su koma ga iyayensu ba. Na kasa ganin laifinsa, amma tausayinsa ya cika ni.