Kafin ka biya kuɗin manhajar rubuta kod

Yawancin kayan aikin mai rubuta manhaja kyauta ne yanzu. VS Code, Git, Android Studio, duk ba a karɓar ko sisi, kuma tun 2019 GitHub ya bar kowa ya buɗe ma'ajiyar kod ta sirri ba tare da biya ba. Don haka kafin ka zaro kati, ka fara gano abin da ke cinye maka lokaci.

Sau da yawa kwamfutar ce ke da laifi. Idan Android Studio na tafiyar hawainiya, buɗe Task Manager, wato tagar Windows mai nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, lokacin da kake haɗa manhajar ka duba. In RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ya cika maƙil, aikin faifai kuma ya tsaya a kan kashi 100, babu lasisin da zai gyara wannan. Kuɗin ya tafi wajen kai RAM zuwa 16GB da sauya tsohon faifai da SSD, wato faifai mai sauri. Ka tabbatar da nau'in RAM ɗinka, ko DDR3 ce ko DDR4, kafin ka je kasuwa, domin ba sa shiga ramin juna, kuma wasu siraran kwamfutoci an liƙe musu RAM a jikin allo, ba a ƙarawa.

Akwai kuɗin da ba a tsallakewa. Don saka manhajarka a shago, Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuwa dala 99 duk shekara, kuma in ka daina biya manhajarka za ta sauka daga shagonsu. Docker Desktop, kayan gudanar da manhaja a keɓe cikin kwamfutarka, kyauta ne ga ɗaiɗaiku da ƙananan kamfanoni, amma kamfanin da ya wuce ma'aikata 250 ko kuɗin shiga dala miliyan 10 a shekara dole ya biya.

Inda ake ta kai-kawo shi ne manhajojin rubuta kod na kamfanin JetBrains, irin su IntelliJ IDEA da PyCharm. A ganina sun cancanci kuɗinsu ga wanda ke wuni cikin babban aiki mai fayil ɗaruruwa. Sauya sunan aji (class) guda na kod a ko'ina ba tare da an karya komai ba, bin kuskure layi bayan layi, leƙa rumbun bayanai daga cikin taga ɗaya: a nan suka yi fice. Wanda ke koyon Python ko yake haɗa shafin intanet mai fuska biyar ba zai ga bambancin ba. Ɗalibi ma bai da dalilin biya, tunda suna ba da lasisin karatu kyauta, kuma tun Oktoban 2024 WebStorm da Rider nasu kyauta ne ga aikin da ba na neman kuɗi ba. Ka lura da wannan sharaɗin: ranar da ka fara yi wa wani aiki da su yana biyanka, ka fita daga cikinsa.

Wani abu da mutane ke yi wa gurguwar fahimta shi ne lasisin dindindin da JetBrains ke bayarwa bayan ka biya wata 12 a jere. Sigar da ake bar maka ita ce wadda take nan lokacin da ka fara biya, wato ta bara. In aikinka ya koma kan sabuwar Java ko sabon Django a tsakani, tsohuwar sigar na iya kasa gane su.

GitHub Copilot, mataimakin AI mai taya rubuta kod, ya fito da tsarin kyauta a Disambar 2024, mai iyakar cike kod 2,000 da saƙo 50 a wata, na biya kuma dala 10 a wata a lokacin. Fara da na kyautar. In wata ya ƙare ba ka cinye rabonka ba, me za ka saya? Yana da hanzari wajen gwaje-gwaje da kod mai maimaituwa, amma yakan ƙirƙiro sunan umarnin (function) da babu shi a laburaren kod ɗin da kake amfani da shi, kuma wanda bai iya karanta kod ba zai kwana yana neman kuskuren.

Lissafin mai sauƙi ne. Yi amfani da kwana 30 na gwaji da irin su JetBrains ke bayarwa a kan aikin gaske, ka riƙa rubuta mintunan da ka tsira da su kullum. Minti 15 a rana cikin kwana 22 na aiki awa biyar da rabi ke nan. Ninka da abin da kake samu a awa, ka gwada da farashin a naira ko sefa ta ranar, ba ta watan jiya ba, tunda da dala ake caji. In ka yanke shawarar biya, fara da na wata-wata, ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, sannan ka fitar da saitunanka ka ajiye a fayil kafin lasisin ya ƙare.