Ƙunshin Ɗumi na Hannu da Ƙafa: Yadda Maharbi Zai Yi Amfani da Shi a Hunturu

Sanyin hunturu a ƙauyukan Kano da Jigawa, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, ya fi cizo tsakanin ƙarfe uku na dare da fitowar rana. Ma'auni kan sauka zuwa digiri 10 ko 12, a bakin fadama kuma inda raɓa da iska suka haɗu jiki ya fi jin sa. Masu farautar gayya da gora da karnuka ba su da matsala, gudu da ihu sun ishe su ɗumi. Wanda sanyi ke ci shi ne maharbin da ke laɓe wuri guda yana jiran zabin daji ko fakara su sauko kiwo, ko mai dakon agwagin ruwa a gefen tabki. Ba halin ya hura wuta, don hayaƙi da haske za su kori abin da ya zo nema. Awa biyu a zaune, yatsu sun sandare, ko kunamar bindiga ba ya jin ta sosai. Irin wannan maharbi shi ne ƙunshin ɗumi zai yi wa amfani.

Ƙunshin ɗan ƙaramin buhu ne mai kama da takarda, bai kai tafin hannu ba, an rufe shi ruf a cikin leda. A ciki akwai garin baƙin ƙarfe, gishiri, ɗan ruwa, garin gawayi, da wani ma'adini mara nauyi da ke riƙe danshi. Da zarar an yage ledar iska ta shiga, sai ƙarfen ya fara tsatsa, tsatsar kuma ita ke fitar da zafi. Gishirin yana hanzarta ta, gawayin yana baza zafin ko'ina. Babu batir, babu wuta, babu hayaƙi. A Japan ya fara yaɗuwa a ƙarshen shekarun 1970, yanzu kuma akwai samfura irin su HotHands da Grabber da maharban Amurka ke amfani da su. Duk wanda ya gane cewa iska ce abincin wannan abu, ya gane rabin matsalolinsa: iska ta yi yawa ya yi zafi ya mutu da wuri, ta yi kaɗan ya huce.

Iri biyu za mu duba, na hannu da na ƙafa, kuma ba a musanya su. Na hannu yana kai kusan awa goma, zafinsa kan tsaya wajen digiri 55, wani lokaci ya haura har kusan 70. Na yatsun ƙafa siriri ne, gefe ɗaya da gam, yana yin awa biyar zuwa takwas, an kuma haɗa shi ne don ya yi aiki cikin takalmi inda iska ba ta da yawa, zafinsa kusa da digiri 40. Ka cusa na hannu cikin takalmi, zai shaƙe ya mutu, ga shi da kauri yana takura ƙafa. Ka bar na ƙafa a sarari ko a aljihun riga, zai sha iska fiye da ƙima, ya yi zafin da zai iya ƙona fata, kafin gari ya waye ya ƙare.

A buɗe na hannu tun kafin a bar gida, domin yana ɗaukar minti 15 zuwa 30 kafin ya kankama. A ɗan girgiza shi sau biyu ko uku, a jefa aljihun rigar sanyi. Gara a bar shi a aljihu da a bar shi a sarari, saboda iskar hunturu tana kwashe zafin kafin hannu ya same shi. Mai zuwa daji a kan babur ya sa shi cikin safar hannu ta bayan hannu, ba ta tafi ba, don riƙon kan babur ya zauna daidai. In an isa maɓoya, hannun harbi ya zauna cikin aljihu riƙe da ƙunshin, sai lokacin ɗaga bindiga ya fito. Wata dabara mai kyau ita ce a ɗaure shi a cikin wuyan hannu, kan hannun riga, inda jijiyar jini ke bugawa. Yatsu na samun ɗumi alhali hannu a sake yake. Kuma kada a haɗa shi aljihu ɗaya da albarushi ko harsashi. Yana fitar da ɗan danshi, albarushi kuwa ba ya shiri da danshi, ban da cewa babu mai hankalin da zai ajiye abu mai zafi kusa da albarushi.

Na ƙafa shi ne wanda aka fi ɓatawa. Na farko dai ba ya aiki da silifa ko takalmi buɗaɗɗe, sai rufaffen takalmi da safa. Bayan alwala a tsane ƙafa sosai, har tsakanin yatsu, sannan a sa busasshiyar safa. A yage ledar, a bar ƙunshin ya sha iska na 'yan mintuna har a ji ya fara ɗumi, a cire takardar gam, a manna shi a kan safa ta waje, kada a kuskura a manna kan fata. A ganina saman yatsu ya fi ƙasansu ga wanda zai yi tafiya kafin ya zauna: a ƙasa taku yana murƙushe shi, garin ya taru wuri guda ya zama dunƙule yana tokarar ƙafa, iska kuma ba ta kai masa. Takalmi ya zama da ɗan wuri, yatsu su iya motsi. Mutum ya jibga safa biyu da ƙunshi cikin takalmi matsattse, ya toshe hanyar jini, ƙafar za ta fi da sanyi, sai ya ce kayan jabu ne.

Masu shiga fadama da dogon takalmin roba su lura da abu biyu. Roba ba ta shigar da iska, don haka ƙunshin kan yi sanyi bayan awa ɗaya ko biyu. A cire takalmin na ɗan lokaci ya sha iska, zai farfaɗo. Na biyu gumi. In tafiyar mai nisa ce, ƙafa za ta jiƙe cikin roba, ƙunshin da ya jiƙe kuwa ƙofofin iskarsa sun toshe. Gara a riƙe busasshiyar safa a jaka, a canza in an isa, a manna ƙunshin a nan. In ruwa ya shiga takalmin gaba ɗaya, ya tashi aiki ke nan.

Fitar asuba ɗaya tana cin ƙunshi biyu na hannu da biyu na ƙafa. Yawanci ana dawowa da hantsi na hannu bai ƙare ba. A sa shi cikin leda mai zif, a matse iskar, a rufe. Tsatsar za ta tsaya, gobe a buɗe ya ci gaba da sauran awoyinsa. Ledar fiya-wata da aka ƙulle da kyau ma tana ɗan yi, amma ba kamar mai zif ba.

Wajen saye, wanda galibi ta intanet ne ko ta hannun matafiya, a duba ranar lalacewa a jikin leda, sannan a latsa. Mai kyau yana da laushi kamar gari. Wanda ya yi tauri ko ya dunƙule, iska ta riga ta shige shi, ba zai yi komai ba. A gida a ajiye su cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da ɓera, don hujin haƙori ɗaya ya isa ya kashe ƙunshi tun kafin hunturu na gaba.

Batun ƙuna ba na wasa ba ne. Zafi mai sauƙi na digiri 44 in ya daɗe awoyi a wuri guda yana dafa fata ba tare da an ji zafi mai tsanani ba, sai daga baya a ga bororo. Don haka ba a kwana da shi. Mai ciwon suga, ko duk wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai, ya haƙura da na ƙafa baki ɗaya. Mai faso ko rauni ma kada ya ɗora shi a wurin. Yaran da ke bin iyayensu daji ba a ba su.

Haka kuma ba a yar da shi a daji ko a bola a buɗe. Karen farauta yana tauna duk abin da ya ji ƙanshin maigidansa, garin ƙarfen kuwa guba ne a cikinsa, musamman wanda bai gama aiki ba: amai, zawo, wani lokaci har mutuwa. Awaki da tumakin da ke kiwo a gonaki bayan girbi su ma ba sa ƙyale takarda. A dawo da shi gida a aljihu, in ya huce ya yi tauri a ƙulle cikin leda a binne ko a jefa inda dabba ba za ta kai ba. Kare in ya riga ya haɗiya, a garzaya da shi wurin malamin dabbobi, a tafi da ledar ƙunshin don ya ga abin da ke ciki.