Abin da rigimar gaisuwar Kirsimeti ta koya wa kantunan Amurka

Manyan kantunan Amurka da dama sun fi son rubuta "Happy Holidays", wato barka da bukukuwa, kuma dalilinsu na kasuwa ne. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa shigowar sabuwar shekara akwai Ranar Godiya, da Hanuka ta Yahudawa, da Kwanza ta baƙaƙen fatan Amurka, da Kirsimeti, sai allon talla ɗaya ya wadatar da su har lokacin ya wuce. Wasu Kiristoci kuwa gani suke ana cin kasuwar Kirsimeti ana ɓoye sunanta.

Masu aikin talla sun gano cewa gaisuwa daban, sunan kaya daban. Mai saye zai iya kau da kai idan ma'aikaci ya ce masa barka da bukukuwa, amma da wuya ya yafe idan aka canza wa bishiyar Kirsimeti suna. A 2007 kamfanin Lowe's ya kira ta "bishiyar iyali" a littafin tallarsa, ƙorafi ya yi yawa, dole ya ba da haƙuri. Kayan da aka yi domin Kirsimeti, a kira shi da sunansa.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen amsa ƙorafi. A Nuwamban 2005 wata mata ta rubuto wa babban kantin Walmart tana kukan an daina ambaton Kirsimeti. Maimakon a ba ta amsa gajera, sai wani ma'aikacin kantin ya shiga yi mata lacca cewa al'adun bikin daga maguzanci suka samo asali. Wasiƙar ta kai hannun ƙungiyar Catholic League ta mabiya Katolika, ita kuma ta yi kira da a ƙaurace wa kantin. Walmart ya nemi afuwa, ya rabu da ma'aikacin, a 2006 kuma ya dawo da "Merry Christmas", wato barka da Kirsimeti, a tallarsa. Da layi uku sun isa a amsa wa matar: godiya, bayanin cewa kantin na hidima ga kowa, da barka da Kirsimeti ga wanda ya nuna bikinsa ne. Tarihin addini ba aikin teburin ƙorafi ba ne.

Ƙungiyar Kiristoci ta American Family Association ta daɗe tana fitar da jerin kamfanonin da ke ambaton Kirsimeti da waɗanda ba sa yi, don haka akwai masu bin allunan da ido. Sai dai amo ya fi taron yawa. Da kantin shan gahawa na Starbucks ya fitar da jan kofin sha babu zanen biki a 2015, masu fushi suka riƙa ce wa ma'aikata sunansu "Merry Christmas" don a rubuta a jikin kofin, alhali kuɗinsu suka biya suka sha. Binciken cibiyar Pew na 2017 ya nuna kashi 52 cikin ɗari na Amurkawa ba su damu da kowace gaisuwa aka yi musu ba, kashi 32 ne suka fi son a ambaci Kirsimeti.