Kujerar ƙarfen Faransa da abin da mai walda zai koya daga gare ta

A wurin mai shayi ko majalisar ƙofar gida, a Ringim ko Bichi, za ka ga kujerar ƙarfe da ba ta ci damina uku ba amma tsatsa ta cinye ƙafafunta. Yawanci ana ɗora wa ƙarfen laifi. Laifin na ruwa ne da aka bari ya kwanta, kuma maƙeran Faransa sun daɗe suna yaƙi da shi.

A 1837 wani injiniya, Stanislas Sorel, ya yi rajistar dabarar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya. Rufin da ke jikin kwanon rufinmu ke nan. Tukunyar tana kai zafin digiri 450, kuma ko an karce jikin, tutiyar ce ke fara lalacewa kafin ƙarfen. A 1889 Édouard Leclerc ya fito da kujera mai naɗewa, wadda masu shagunan kofi ke kwashewa da dare. Kamfanin Fermob yana ƙera ta har yau da sunan Bistro. Mazauninta siraran sanduna ne da tazara a tsakani, ruwa ya zube, iska ta ratsa.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Xavier Pauchard, maƙerin garin Autun, wanda ya yi rajistar sunan Tolix a 1927, ya fitar da kujerarsa a 1934. Fallen ƙarfe ne aka matsa da inji ya ɗauki siffa. An huda mazaunin don ruwa ya sauka, an lanƙwasa ƙafafun kamar indararo, buɗe ta ciki, babu inda ruwa zai ɓuya. Ana kuma jera su ɗaya kan ɗaya.

Mu kuwa da faif muke aiki, kuma nan matsalar take. Faif daga ciki yake fara tsatsa, inda fenti ba ya isa. Ko dai a toshe saman ƙafa da walda ruf, ko a huda ƙaramin rami, kamar milimita 5, a can ƙasa don ruwan da ya shiga ya fita. Kada ƙafa ta zauna a danshin ƙasa: a sa mata takalmin roba, ko guntun tsohuwar taya. In mazaunin falle ne, a huda shi a inda ya fi zurfi.

Sai fenti. A kakkaɓe dattin walda da guduma, a goge da burushin waya da sanfefa, a share maiƙo, sannan a shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe kafin a ɗora fentin mai sau biyu. Wanda ya fenta a kan ƙurar hunturu zai ga yana ɓarewa kafin bazara.

Gargaɗi ga masu walda: faif mai rufin tutiya yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki. A kankare rufin a inda za a haɗa, a yi aikin a fili, sannan a shafe wurin da fenti, domin nan tsatsa za ta fara.

Abu ɗaya da Faransawa ba su sha fama da shi kamarmu ba shi ne rana. Fallen ƙarfe mai baƙin fenti ba ya zaunuwa da azahar a watan Afrilu. A nan tsarin Leclerc ya fi dacewa da mu: sandunan katako a mazauni, ƙarfen kuma a yi masa fenti mai haske.