Yadda na ɓata rabin kwalba kafin na iya haɗa wiski

Toh bari in fara da wanke kaina, ni ɗan Wusasa ne, Kirista, kuma na san da yawan masu karanta ni ba sa sha, wasu ko sunan ma ba sa son ji. Ba cewa nake kowa ya sha ba. Labarin abin da na koya ne a nan Aberdeen ta Scotland wajen wani dattijo da ke zaune a ƙasan benenmu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran gangunan katako da ake ajiye wiski a ciki. Baba nake ce masa, da farko ya ɗauka na manta sunansa ne.

Ranar da ya fara gayyata ta ya ɗan tsiyaya min a wani kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, Glencairn suke kiransa, ni kuwa na ɗaga na kwankwaɗe lokaci guda kaman ogogoro. Kallon da ya yi min kai ka ce na zagi uwarsa. Ya karɓe kofin ya sake zubawa ya ce wannan karon kar ya taɓa bakinka sai na ce. Mun fi minti goma muna shinshina kawai, kuma ba a cusa hanci a ja da ƙarfi, ƙarfin giyar zai kashe maka hancin, sai dai ka ɗan buɗe baki ka kai kofin ka janye, ka kuma kaiwa. Sannan ya ɗiga ruwa ɗigo uku da ƙaramin cokali, wallahi sai ga wani ƙamshin daban ya taso. Ya ce masu haɗin manyan kamfanoni ma hanci ne jarinsu, sukan surka da ruwa har ƙarfin ya sauko wajen kashi 20 su yi ta shinshina, ba sha suke wuni yi ba.

Inda muka dinga samun saɓani shi ne sunan ƙamshi. Shi ya ce kek ɗin Kirsimeti yake ji, ni dabino da kanumfari nake ji. Ya ce banila, na ce alawar madara. Da ya buɗe wani na tsibirin Islay, wanda ashe Aila ake furtawa, sai na yi shiru, don abin da ya zo min ruwan randar kakata ne bayan ta turara ta, da kuma rigar mai tsire idan ya tashi daga bakin wuta. Hayaƙin daga wata baƙar ƙasa yake zuwa da suke kira pit, ruɓaɓɓun ciyayi ne na dubban shekaru da ake yankowa a fadama a busar, a ƙona a busar da tsiron sha'ir da ita. Tsiron nan kuwa ba baƙo ba ne a wurina, a ƙauyen su mamana haka mata ke jiƙa dawa ta tsiro a shanya kafin a dafa burkutu. Bambancin su nan bayan ya yi tsami sai su tace shi da tururi a tukwanen jan ƙarfe, yawanci sau biyu, su zuba a ganga su manta da shi.

Wajen saye kuma Baba ya hana ni kallon kwali da tsada, ya ce karanta takardar jikin kwalbar. Doka ce ta 2009, ba a kiran abu Scotch sai an yi shi a Scotland ya kwana a gangar itacen oak aƙalla shekara 3 kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 ba. In ka ga 12 a jiki to mafi ƙanƙanta a cikin haɗin ne ke da shekara 12. Launi kuwa kar ya ruɗe ka, an yarda su sa ɗan ƙonannen sukari don ya yi duhu, ni da nake zaɓen mai jan nan ina ganin shi ne tsoho ashe shirme nake. Abin dubawa wace irin ganga ya kwana a ciki. Wadda aka yi bourbon, wato wiskin Amurka, a cikinta tana ba da zaƙi mara nauyi, kuma suna da yawa saboda dokar can ta ce sabuwar ganga ake amfani da ita, sai su sayar wa 'yan Scotland tsofaffin. Wadda aka sa sherry, giyar inabi ta Sifen, ita ce mai dabinon nan. Duk shekara kuma wajen kashi 2 na bin iska ta jikin katakon, wai rabon mala'iku, na ce masa a garinmu in ka faɗi haka sai an kai ka gaban fasto.

Haɗin gida dai ni na matsa. Na ji labarin cewa manyan sunayen wiskin nan 'yan tireda ne asali, John Walker shagon kayan masarufi ya buɗe a Kilmarnock a 1820, su Chivas kuma a nan Aberdeen ɗin shagonsu yake a King Street, hanyar da nake bi kusan kullum. Na ce toh in mai tireda ya iya ni da digirina me zai gagare ni. Ran wata Asabar ban gaya wa Baba ba na jera kwalabe huɗu a kicin, na ɗauko wata wankakkiya na fara zubawa da ido kaman mai haɗa miya, wannan kaɗan wancan kaɗan, da na zo kan na Aila da yake shi na fi so sai na saki hannu. Na cika rabin kwalba, wajen mililita 350, na kai masa ina washe baki. Ya shinshina sau ɗaya ya ce wa ke ƙona taya a unguwar nan.

Duk sauran ukun sun mutu a ciki, ba dabino ba madara, hayaƙi zalla. Mai hayaƙi kamar daddawa yake, in ta yi yawa ita kaɗai za ka ji a miyar. Abin ya min ciwo don kuɗi ne ba kaɗan ba.

Washegari ya aike ni kemis na sayo sirinji mara allura da ƙaramin littafi. Ya ce daga yau ba ka wuce mililita 20 a gwaji, kuma duk ɗigon da ka sa ka rubuta, in ba haka ba ranar da ya yi daɗi ba za ka iya maimaitawa ba. Ya sa na fara da wiskin hatsi, wanda ake yi da alkama ko masara a wata doguwar na'urar tacewa da wani Aeneas Coffey ya yi wa rajista a 1830, shi ba shi da hayaniya, shi ne tuwon, sauran su ne miya. Wanda na tsaya a kai yanzun a cikin 100, hatsi 50, na yankin Speyside mai gangar bourbon 30, mai sherry 16, na Aila 4 kacal, kuma huɗun nan ma ana jin su sarai a ƙarshe bayan ka haɗiye. Baba shi 2 yake so, mun kasa shiryawa a nan.

Abu na ƙarshe da ya fi ba ni wahala shi ne jira. Ranar da ka haɗa kowanne na jan nasa gefe, sai ka toshe ka ajiye a kabad sati biyu ko fiye kafin su saba da juna, su aure suke kiran wannan zaman. Na farkon da na yi kwana uku na buɗe, na biyu ma haka, sai da Baba ya karɓe kwalbar ya kulle a nasa ɗakin.

Waccan rabin kwalbar da na ɓata tana nan ban zubar ba, na manna mata takarda na rubuta taya. Ita nake zuƙowa da sirinji in ina son hayaƙi, kuma a yadda nake ɗiba ina ga za ta kai ni wani Kirsimetin.